Turaku Shida a Bakin Kwazazzabo

Ranar Litinin da hantsi aka tsinci turke na shida cikin tarin yashin Uzoma mai bulo, a tsage gida biyu. Kafin wanda ya tsince shi ya gama karkaɗe shi, Layin Ɗorawa ya riga ya yanke hukunci.

Layin Ɗorawa gida goma sha biyu ne a bayan Samaru, ta wajen hanyar Basawa, dukansu sun ba wa kwazazzabo baya. Da can 'yar hanyar ruwa ce wadda mace ke tsallakewa da tulu a ka. Yanzu tirela za ta faɗa ciki, ka tsaya a baki ba ka hangi rufinta ba. Bara wata ƙungiya ta zo da taswirar intanet, ta ɗauki Christabel, 'yar unguwar da ta karanta awon ƙasa, ta kafa turaku shida masu farin fenti a bayan gidajen. Duk wata sai ta ja tef daga turke zuwa bakin rami, ta zuba lambar a waya, taswira ta ba da launi. Kore, a kwana lafiya. Rawaya, a gina katangar dutse. Ja kuwa, an makara: a kwashe mutane, a rushe gidaje. Ƙa'idar ita ce in rami ya ci mita biyu cikin wata guda, wurin ya zama ja.

Ran nan Christabel ta auna turaku biyar, ta nemi na shida ta rasa, ta duba waya. Layin Ɗorawa ya yi jawur daga farko har ƙarshe. Jibi, Laraba, za a kulle taswirar a aika wa ofishin Kaduna.

"Shi ne!" in ji Raphael mai facin taya, yana nuna Uzoma da guntun turken. "Shekara nawa muna cewa yashin nan da yake haƙa zai binne mu? Ya ci mana mita biyu, ya ga asirinsa zai tonu, ya tumɓuke turke!"

"Ko shebur ɗaya ban taɓa ɗiba a ramin nan ba," in ji Uzoma. Ba wanda ya ji shi. An daɗe da sanin cewa shi ne, tun kafin a san me ya yi.

Dattijo Bernard, shugaban kwamitin unguwa, dattijon coci kuma, ya ɗaga hannu a hankali. "Jama'a, kada kowa ya taɓa shi. Mu yi haƙuri da abin da Ubangiji ya kawo. Taswira dai ta yi magana, ita kuma ba ta da dangi a cikinmu."

"Ido ma ba ta da shi," in ji wata murya daga baya.

Mama Edith ce, mai gida na huɗu a layin. Shekara saba'in da ɗaya, gajera, da tabarau ɗaure da zare. Ubanta maharbi ne a ƙasar Kachia, da ya rasa ɗa namiji sai ya koya mata bin sawu, ita kuma ta haɗa da boko, ta yi shekara talatin tana aikin kula da garken gwaji a wata gonar bincike. Duk wanda akuyarsa ta ɓata daga Samaru zuwa Jushi, ƙofarta yake bugawa. Ita da marigayi mijinta suka ɗora bulon gidan nan da hannunsu, ba ta kuma da niyyar barinsa saboda waya ta canja launi.

"Ɗakin girkina yana kallon ramin nan," ta ce. "Kullum a bakinsa nake zubar da toka. In ya ci mita biyu, to da dare ya ci, ya dawo da su da safe."

"Mama, lamba ba ta ƙarya," in ji Christabel.

"Haka ne, 'yata. Mutane ne ke yi mata." Ta dubi ƙasan da suke tsaye, inda ƙafa hamsin ta riga ta dame komai, ta yi tsaki. "Ku ci gaba da tattaka nan. Amma duk wanda ya matsa kusa da sauran turakun, ni da shi ne."

*

Ta fara daga turke na ɗaya, can ƙarshen layi inda ba wanda ya je. Ba ta kusance shi kai tsaye ba. Ta kewaya, ta sa rana a gabanta don inuwa ta cika kowane ɗan rami, sannan ta tsuguna.

Abu na farko turken ne ya faɗa mata. Itacen da ya shekara a ƙasa yana da zobe inda jar ƙasa ta rina shi. Zoben wannan yana sama da ƙasa da yatsa uku. An cire shi, an sake kafawa, ba a kai shi zurfin da ba.

Ta ja baya da gwiwa, tana nesa da rami, tana shafa ciyawa da tafin hannu. Taku biyu da ɗan wani abu, ta iske wani curin ciyawa ya yi yaushi alhali 'yan'uwansa suna tsaye kore shar. Ta ɗaga shi da yatsa biyu, ya taso kamar hula. Ga tsohon ramin turken a ƙarƙashi, an cike shi da ƙasa mai laushi.

Wato ramin bai matso ba. Turken aka kai masa.

Tsakanin tsohon gurbi da sabo kuma akwai rubutu, ga mai iya karatu. Wani layi miƙaƙƙe, siriri, kamar an kwantar da sanda an danna. A ƙarshensa ɗan lotsi guda, kewayayye. Sai wani layin irin na farko, sai wani lotsin, sai turke. A gefe, gurbin gwiwa ɗaya da sawun takalmi mai sulɓin ƙasa, irin wanda rabin mazan Zariya ke sawa. Ruwan ƙarshe ya sauka da asubar Lahadi, ya bar ƙasa da ƙananan ɗige-ɗige ko'ina. Kan layukan nan babu ɗigo ko ɗaya.

Na biyu haka. Na uku, na huɗu, na biyar, duk haka: layi, lotsi, layi, lotsi.

Ta kwance zaren saƙa daga bakin zaninta, ta shimfiɗa shi, ta ƙulla ƙulli a kowace gaɓa. Daga nan ta shiga gida ta kwaso bahon wanki, da faranta, da murfin babbar tukunya, ta kifa su kan shaidarta, ta ɗora wa kowanne dutse. Matan layi suka leƙo ta katanga.

"Mama Edith, ƙasa kike dafawa?"

"Ita nake dafawa. In ta nuna zan kira ku."

*

Uzoma yana zaune kan injin bulo, ya haɗa kai da gwiwa. A nan Zariya, a Unguwar Gabas, aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu masu zaginsa, amma shekara goma sha biyar a layin nan ana ce masa baƙo.

"Akwai sawun takalmin ruwanka a wajen turke na biyar," ta ce, ba ko gaisuwa. "Na hagu yana da faci a diddige."

Ya ɗago a firgice. "Mama, wallahi—"

"Kada ka rantse mini, ba a kotu muke ba. Yaushe ka je?"

"Asabar da yamma. Na je duba bakin ramin ne. Ni ma ina tsoro, rumfar bulona ta fi kowane gida kusa."

Ta gyaɗa kai. Sawun nasa duk ruwan Lahadi ya ɗiɗɗige shi, ta riga ta gani. So take ta ji ko zai yi ƙarya.

"Lahadi da safe fa?"

"Na tafi cocinmu a Sabon Gari, taron farko, na ƙarfe shida. Na dawo wajen tara. Layin shiru, duk kuna coci. Karena dai na iske yana haushi ta bayan rumfar, na ce ko ɓera ne."

"Yashin nan daga ina?"

"Tifa ke kawo mini daga rafi, can nesa. Taɓa ki ji, Mama. Jar ƙasar ramin nan in na yi bulo da ita, kafin a ɗora na biyu na farko ya narke. Sau nawa zan faɗa musu?"

Ta damƙi yashin, fari, mai kaifi. "Ba faɗa suke so ba. Nuna mini hannunka."

Ya miƙa. Babban yatsansa ya kai kan muciya faɗi, siminti ya farfasa shi. Ba zai shiga lotsin nan ba ko an matse shi.

"Kada ka gudu," ta ce. "In ka gudu ka gama musu aiki."

"Ina zan je? Nan ne garinmu."

*

Ofishin ƙungiyar ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon buga takardu a Samaru. Edith ta hau matakalar tana hutawa, ta iske Christabel ta zuba wa kwamfuta ido. A fuskar kwamfutar ga kwazazzabo kamar tsagar wuƙa, Layin Ɗorawa ja a gefensa, can sama da shi kuma wani layi rawaya.

"Wancan fa?"

"Layin Sama ne, Mama."

"Katanga nawa za a gina bana?"

"Ɗaya. Dutse da ragar waya na katanga ɗaya aka ba mu. Da layi biyu ne rawaya, ku da su, ana jiran a zaɓa. Yanzu—"

"Yanzu an huta da zaɓe. Ke ina kike kama haya?"

Christabel ta juyo da sauri. "A Layin Sama. Mama, ni kike zargi?"

"Kowa nake zargi, har limamin cocinmu. Zauna. Gaya mini, abin nan ba daga sama yake ɗaukar hoto ba? Me ya sa bai ga cewa ramin yana inda yake ba?"

"Hadari. Tun Yuli tauraron ɗan'adam ɗin bai ga ƙasar nan da kyau ba, shi ya sa muke dogara da turaku." Ta share ido, sai malantar ta motsa. "Asalinsa ba don mu aka yi shi ba. An yi shi ne don wasu ƙauyuka a can ƙarshen arewacin duniya, a bakin teku. Da ƙanƙara ke tare musu igiyar ruwa, ƙasarsu ma a daskare take. Yanzu duk suna narkewa, teku na cin gidaje. Su ma mutanen ƙauyen ke aunawa su aika, taswira ta nuna wanda za a kare da wanda za a tasa."

"Allah sarki. Su ma suna da mai matsar da turke?"

"Ban sani ba. Babu gurbin wannan tambayar a ciki."

"To ga gurbin." Edith ta ajiye zaren a tebur, ta gaya mata abin da ta gani. "Ja tef ɗinki."

Christabel ta auna daga bakin zare zuwa ƙulli na farko. "Santimita casa'in da ɗaya da ɗan ɗoriya." Zuwa na biyu: "Biyu da rabi." Ta sake, ta samu daidai haka. "Duka ɗari da tamanin da takwas. Da ɗan abin da ramin ya ci da gaske, ya haura mita biyu da ƙyar." Ta yamutsa fuska. "Amma wa zai yi haka? In ni ce zan ja tef, ɗari biyu cif, sau ɗaya."

"Na sani. Shi ya sa na fasa zarginki tun ina kan matakala, so nake in ga ko za ki yi kuka." Edith ta ɗauke zarenta. "Casa'in da ɗaya da ɗoriya. Ku 'yan yanzu ba a koya muku ba. Mu da shi aka dake mu a firamare. Yadi ne. Wani ya ji an ce mita biyu a taro, ya ɗauka mita da yadi ɗan wa da ɗan ƙane ne."

"To biyu da rabin nan fa?"

"Shi nake nema. Goge jan nan."

"Ba zan iya ba, Mama. In za a canja lamba sai an sake awo a gaban shaidu, shugaban kwamiti ya sa hannu."

"To ki gaya wa Dattijo Bernard ya tara jama'a gobe da la'asar, a bakin rami. Kada ki ce masa komai. Ki ce tsohuwa ce ke rigima."

*

Talata da safe ta hau bas zuwa kasuwar Sabon Gari. A Layin Sama, mutum ɗaya ta sani da ke da uwa mai sandar yadi: Nonye, wadda ta gama ginin ɗaki uku bara. Uwar, Madam Bibiana, tana da rumfa a layin 'yan yadi, da baki mai kaiwa har tasha.

"Mama Edith! Wa ya mutu, wa zai yi aure?"

"Ba kowa. Yanko mini yadi biyu na shuɗin nan."

Bibiana ta fizgo bandir, ta ɗora kan sanda, ɗaya, biyu, ta ja shi har yana ƙara, ta sa almakashi. Edith ta shimfiɗa zarenta a kai. Zaren ya wuce yadin da yatsa biyu.

"Ya gaza," ta ce.

"Ya gaza me? Zo ki auna da kanki! Sandata ba ta taɓa cutar kowa ba!"

"Ina kike Lahadi da ƙarfe takwas?"

"Ina coci ina rawa, mutum ɗari biyar sun gan ni, gwiwata ma shaida ce. Ke 'yar sanda kika koma?" Ta ɗauki zaren ta jujjuya, ta ɗora shi kan sandarta. Ƙulli na farko ya zauna daidai bakin sanda. Ta dubi ɗan tazarar da ke gaba, ta ɗora babban yatsanta a kai, ya rufe shi ruf. Sai ta fashe da dariya.

"Chineke! Ai wannan gyara ce! Yadi, yatsa, yadi, yatsa. Haka iyayen gidanmu suke yi lokacin da muka zo kasuwar nan, kowane yadi a ɗora masa yatsa, wai kada a tashi ranar hisabi da zaren wani a wuya. Wa ke yi yanzu? Da tsadar nan?"

"Ba kowa?"

"Mutum ɗaya. Shekara ashirin muna faɗa da shi a ƙungiyar 'yan yadi, yana ɓata mana kasuwa. Ya ce shi ba da saninsa yake yi ba, hannun ne ya saba. Ai kin san shi, ɗan unguwarku ne. Ga rumfarsa can, ta uku daga kwana."

Edith ba ta juya ba. Ta san rumfar. A can ta yanki farin da aka rufe mijinta da shi, mai rumfar kuma ya ƙi karɓar komai. Ta tsaya har Bibiana ta daina dariya.

"Mama, lafiya?"

"Rufe rumfarki da la'asar ki zo Layin Ɗorawa."

A rumfa ta uku daga kwana, Dattijo Bernard ya tashi tsaye da ya gan ta, ya jawo mata benci. Suka gaisa, ya tambayi ƙafarta, ta tambayi jikoki.

"An ce kin kira taro, Maman yara. Da kin bar wa Ubangiji. Na yi magana da fasto, za a samo muku wurin zama."

"Na gode. Yanko mini yadi biyu na farin nan."

Ya ɗauko sandarsa, tsohuwa mai bakin tagulla, an wanke ta tas har itacen ya yi fari. Yana yi mata maganar haƙuri, idonsa a kanta, hannunsa na aikinsa shi kaɗai. Sanda, yatsa. Sanda, yatsa. Almakashi.

Ta karɓa, ta ninke, ta sa a jaka dabam da shuɗin.

*

Da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin. Layi biyu duk sun fito. Raphael ya tsaya kusa da Uzoma kamar mai gadin fursuna. Bibiana ta zo da 'yarta, Christabel da tef a hannu, Dattijo Bernard a gaba da takardar da zai sa wa hannu.

Edith ta ɗaga bahon wanki daga turke na uku. Ta nuna musu zoben, ta cire curin ciyawa, ta nuna tsohon gurbi. Surutu ya mutu.

"Ramin bai ci mita biyu ba. Wani ya zo Lahadi da safe muna coci, ya ɗauke turaku ya kai su bakin rami. Yana kan na shida mai bulo ya dawo, kare ya yi haushi, turken ya tsage a hannunsa, ya wurga shi ta kan rumfar bulo ya tafi."

"To ai Uzoma ɗin—" in ji Raphael.

"Raphael, in mutum yana so ya ɓoye cewa rami na ci, gaba zai kai turke ko baya? Yi tunani a hankali, kada ka ji ciwo."

Aka yi dariya.

"Wanda ya yi wannan so yake mu zama ja, katanga ta tafi Layin Sama. Ba da tef ya auna ba, da sandar yadi ya auna." Ido ya koma kan Bibiana. Ita kuwa ta riƙe ƙugu tana jira wani ya yi magana. Edith ta warware shuɗin yadi. "Wannan yadi biyu ne daga hannun Madam, na yau da safe."

Ta sa bakinsa a tsohon gurbi, Christabel ta ja ɗaya bakin. Ya tsaya kafin turke, da saura yatsa biyu.

"Kun gani?" in ji Bibiana. "Rowata ta cece ni!"

Edith ba ta yi dariya ba. Ta fito da farin. "Wannan ma yadi biyu ne, na yau da safe."

Ta shimfiɗa. Bakinsa ya taɓa turke kamar an yanka shi don wurin. Ta ɗauka ta kai na huɗu, wanda ke bayan ɗakin girkinta, ta ɗaga murfin tukunya, ta shimfiɗa. Ya zauna. Ta kai na biyar. Ya zauna.

"A kasuwar Sabon Gari duka, hannu ɗaya ne ya rage da ke ɗora yatsa kan kowane yadi," ta ce. "Ga gurbin yatsan nan a ƙasa, sau goma. Dattijo, ko za ka zo ka gwada naka?"

Bernard bai motsa ba. Iska ta fara kaɗa takardar da ke hannunsa. Ya dubi babban yatsansa kamar na wani ne aka ara masa.

"Ba sai na gwada ba," ya ce.

Wata mace ta yi salati, wata ta kira sunan Yesu. Shi kuwa ya ɗago kai, muryarsa ta fito da ƙarfi, irin wadda yake karanta sanarwa da ita a coci.

"Ni ne. Kuma ku ji. Layin Sama, inda nake, gida ashirin da ɗaya ne, ku goma sha biyu. Katangar bayan gidana ta tsage, hannuna yana shiga. Maƙwabcina yana da yara bakwai, ɗakinsu taku huɗu ne daga rami. Wata shida ina rubuta takarda a ba mu katanga biyu, ko amsa ba a yi mini ba. Aka ce taswira za ta zaɓa. Na zauna na yi lissafi, na ga in dole wasu su tashi, gara goma sha biyu."

"Ka yi lissafi," in ji Edith. "Ka zo ka gaya mana? Ka tara mu ka ce, Edith, ga ashirin da ɗaya, ga goma sha biyu, me kika gani? Wataƙila da na zage ka, wataƙila da na yarda. Amma ka zaɓa mini kai kaɗai, ka laɓe a bayan waya, ka ce ita ta yi magana. Jiya kuma kana tsaye ana shirin cinye mutumin nan ɗanye, abin da ka iya cewa shi ne kada a taɓa shi."

Bernard ya juya wajen Uzoma. "Uzoma, ɗana. Na cuce ka."

"Ka cuce ni, Baba," in ji Uzoma. Ya dubi Raphael, har Raphael ya matsa gefe ya sami abin kallo a ƙasa.

"A kira 'yan sanda!" wani ya yi ihu daga baya.

"Su zo su yi me, su kama ramin?" in ji Edith. "Ruwa na zuwa. Ku cire turakun nan ku mayar da kowanne gurbinsa tun ana ganin gurbin. Uzoma, samo mana itace na shida."

Maza suka duƙufa. Ɗigon farko ya faɗo suna kan na biyar. Christabel ta ja tef sau shida, tana faɗin lamba da ƙarfi kowa na ji, wata mata ta riƙe mata lema a kan waya. Bernard ya sa hannu a takarda, ta jiƙe har biro yana yaga ta. Aka taru a kan wayar, kai bisa kai. Abin ya yi ta juyawa, yana neman sabis.

Sai Layin Ɗorawa ya koma rawaya.

Matan layin suka rangaɗa guɗa. 'Yan Layin Sama suka tsaya cikin ruwa, Nonye tana kallon wajen ɗakunanta uku. Edith ta bar guɗar ta ƙare.

"Christabel, layi nawa ne rawaya yanzu?"

"Biyu, Mama."

"Katanga nawa?"

"Ɗaya."

"Wa ya ce ɗaya? Taswira?"

"A'a. Ofishin Kaduna."

"Madalla. Shi yana da ƙofa." Ta juya wajen Bernard, wanda ruwa ke zuba ta haɓarsa. "Gobe ƙarfe shida, a tasha. Ni da kai da yarinyar nan. Za ka tsaya a gabansu da bakinka ka gaya musu abin da katanga ɗaya ta sa dattijon coci ya yi ranar Lahadi."

"Edith, ba za su saurare mu ba. Wata shida—"

"Wata shida kana aika takarda. Takarda ba ta zama a bakin ƙofa ta hana mutum fita cin abinci." Ta ɗauki bahonta ta kifa a ka, ruwa na bugunsa kamar ganga. "Ka taho da benci. Ni ba na iya doguwar tsayuwa, kuma ba ranar dawowa na sa ba."